Shinkafar Gidan Suruki a Lamu

Da sunan Allah wanda ya shimfiɗa ƙasa, ya zuba teku a gefenta, ya sa mutane a kowace gaɓa da irin tasu al'adar.

Tun da na dawo daga Lamu ban sha shayi cikin natsuwa ba. Duk wanda ya shigo ɗan shagon nan na Al Ras, a Dubai, inda muke zama bayan La'asar sai ya ja kujera ya ce in ba shi labari. Alhaji Idi mutumin Maraɗi ya fi kowa naci, ga shi sai na yi nisa ya katse ni ya ce wancan karon ba haka na faɗa ba. Shi ya sa na zauna na rubuta. Da ajami na fara, don a nan hannuna ya fi sakewa, daga baya aka juya shi zuwa boko saboda masu karatu a waya.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba, neman aure na je. Nasiru ɗan marigayi yayana ne, a hannuna ya tashi, yanzu yana aiki a wani ofishin jigilar kaya a nan unguwar Deira. Ya haɗu da wata yarinya mai suna Safiya, 'yar ƙasar Kenya, tana sayar da turare a Karama, tana zaune wurin yayarta. Sun daidaita tun tuni. Abin da ya rage shi ne yardar mahaifinta, wani tsohon matuƙin jirgin ruwa a Lamu da ake kira Nahoda Bakari. Nahoda a wurinsu shugaban jirgi ke nan. Safiya ta ce ko za ta tsufa a kanti ba za ta yi aure ba sai da albarkarsa, shi kuwa ya riga ya kori wani manemi kafin Nasiru, ta waya, bai ko bari ya gama gaisuwa ba. Saƙon da ya aiko mana gajere ne: ba ya ba da 'ya ta waya, mai so ya zo da mutanensa.

Mu uku muka tashi. Ni, da Nasiru, da Usumanu wan Safiya, wanda ke aiki a jiragen katakon nan da ke lodi a bakin ruwan Deira. Shi ne jagora, shi ne tafinta, kuma mutum ne da ba ya iya riƙe dariya.

Na riƙe goro ƙwarya guda, wanda wani ɗan kasuwa ya kawo mini daga Kano, fari da ja, a naɗe cikin ganye. Da muka sauka Mombasa fasfo da katin rigakafi ba su ba mu wahala ba, goron ne ya tsayar da mu. Ma'aikacin da ke duba kaya bai taɓa ganinsa ba. Ya juya ɗaya a hannu ya tambaya ko irin shuka ne. Na ce abin ci ne, na fasa na tauna a gabansa. Ya karɓi ɓari ya ɗanɗana, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, ya tambayi Usumanu ko wace cuta yake magani. Da aka gaya masa kayan neman aure ne sai ya dubi Nasiru da tausayi ya ce Allah ya ba da sa'a. Ganyen dai ya karɓe, ya bar mana goron tsirara a leda.

Daga nan muka hau bas muka yi arewa, teku na hannun dama, wani lokaci ka hango ta, wani lokaci itatuwan kwakwa su ɓoye ta. Bayan Malindi hanya ta shiga daji, sai shingayen jami'an tsaro, a sauko da kowa a duba takardu a koma. Wata tsohuwa da ke kusa da ni ta ga ina jan carbi, ta buɗe ƙullinta ta miƙo mini wani irin fanke mai kusurwa uku, yana ƙamshin kwakwa. Ba mu da harshe ɗaya ni da ita sai alhamdu lillahi, da shi muka yi hira har ƙarshen hanya.

Hanyar mota a wani gari Mokowe take ƙarewa. Daga nan sai jirgin ruwa mai inji, don Lamu tsibiri ne, ruwa ya kewaye shi ta ko'ina, wata 'yar siririyar mashiga ce ta raba shi da babban tudu. Gefe da gefe duk wani itace ne da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsa a waje kamar yatsu. Usumanu ya ce in dube shi da kyau, domin na sha zama ƙarƙashinsa ban sani ba. Azarar da ke rufin tsofaffin gidajen Al Ras, bayan kasuwar kayan yaji, irin wannan itacen ce, daga gaɓarsu ake saro ta a kai ƙasashen Larabawa tun kafin a san fetur. Mahaifinsa ma ya yi wannan jigilar yana saurayi.

Garin kansa a bakin ruwa yake, gidaje dogaye farare, an gina su da dutsen da ake haƙowa daga teku. Lungunansa sun fi na cikin birnin Kano matsi, akwai inda in ka buɗe hannuwa za ka taɓa bango biyu. Mota ba ta da wurin shiga, jaki ne motar gari. Shi ke ɗaukar siminti, shi ke ɗaukar yashi, kuma ba ya kauce wa kowa. Na shiga lungu da babbar riga na ware ta kamar a titin gidanmu, wani jaki ya zo da buhunan gawayi ya goge ni tun daga kafaɗa har ƙasa. Mai jakin ya ba da haƙuri, Usumanu ya jingina da bango yana dariya har da hawaye, ya ce, "Baba, a nan naɗe riga ake yi, jaki ne mai hanya."

Mun sauka a wani tsohon gida na wata bazawara mai karɓar baƙi. Matakalarsa tsaye take kamar tsani, a can sama kuma akwai rumfar ganyen kwakwa inda iska ke ratsawa. Ƙasa zafi ne mai ɗanko, irin na Dubai a watannin da gilashin ido ke yin gumi, sai dai a can ba kowa ke da na'urar sanyi ba, lungunan ne ke jawo iska su raba wa gidaje. Matar ta ga gorona ya fara yanƙwanewa, ta yanko ganyen ayaba ta yayyafa ruwa ta naɗe mini shi ba tare da ta tambayi ko mene ne ba.

Da safe na leƙa na ga ruwa ya cika har bakin katangar gari, jirage na rawa a kai. Bayan Azahar na sake leƙawa sai na ga jiragen kwance a kan laka, ruwan ya ja baya can nesa. Na kira Usumanu na tambaye shi ko lafiya. Ya ce haka teku take yi kullum, ta tafi ta dawo, da rana da dare, kuma da wata take tafiya. Na zauna kusa da teku a Dubai shekara da shekaru, amma da yake an ɗaure ta da siminti ban taɓa lura tana numfashi ba. A Lamu ba a sa lokacin tafiya sai an tambayi ruwa.

Shekararsu ma ba irin tamu ba ce. Mu muna lissafi da damina da rani, su da iska biyu suke yi. Akwai wadda ke busowa daga arewa maso gabas, suna ce mata kaskazi, lokacinta zafi ne da bushewa, a cikinta muka je. Sai ta juya ta koma busowa daga kudu, suna ce mata kusi, ita ke zuwa da ruwan sama da haukan teku. A zamanin jiragen filafilai kaskazi ce ke kawo fatake daga ƙasashen Larabawa da Farisa da Hindu, da dabino da tufafi da tangaran, su zauna watanni suna jiran iska ta juya, sannan kusi ta mayar da su gida da azara da hatsi. Haka garin ya ginu, haka Musulunci ya zauna a cikinsa tun da daɗewa. Masallatai kuwa ba ka gama jin kiran sallar wannan sai na gaba ya ɗauka.

A ɗaya daga cikinsu wani dattijo ya ji an ce ni mai ajami ne, ya ɗauko wasu tsofaffin takardu na kakansa, harshensu ne aka rubuta da baƙaƙen Larabci kamar yadda muke yi. Na karanta layi biyu da ƙarfi. Mutanen da ke wurin suka gane abin da na faɗa suna gyaɗa kai, ni da na karanta ban san me na ce ba. Ya riƙe hannuna ya daɗe bai saki ba.

Ranar da aka sa mana na yi abin da kowane Bahaushe zai yi. Na aika da goro gidan Nahoda tun da safe, na ce wa Nasiru ya zauna a masauki, yaro ba ya zuwa wurin neman aurensa. Usumanu ya dube ni, ya dubi Nasiru, ya shige gaba muka tafi.

Nahoda Bakari gajere ne, baƙi, ya ɗaura zane irin na mazansu, da hula mai aiki. Idanunsa sun yi fari-fari a gefe saboda kallon rana a kan ruwa. Yana jin Larabcin matuƙa jirgi, ni ina da na littafi da na kasuwar Deira, sai muka haɗu a tsakiya, inda ya gagara Usumanu ya cike. Ƙannensa biyu na zaune, da limamin unguwa. Aka kawo gahawa mai ɗaci a ƙananan kofuna da alewa mai maiƙo. Bayan ita aka shigo da faranti babba na shinkafa da aka dafa da madarar kwakwa, da kifi, da wani kwano na miya ja-ja da 'yan dunƙule a ciki. Na ɗebo ɗaya na kai baki. Gorona ne. Matan gidan sun ɗauka cefane baƙo ya aiko, suka yi shawara, suka dafa rabinsa da kwakwa don a girmama ni. Na haɗiye, na ce Allah ya yi albarka, na ƙara ɗaya don kada ran mai girki ya ɓaci.

Na gabatar da abin da ya kawo ni kamar yadda ake yi, na ambaci mahaifin Nasiru da kakansa da sana'arsa. Nahoda ya saurara har na gama, sannan ya dubi ƙofa ya ce, "Ina shi mai neman?"

Na ce yana masauki, a wurinmu iyaye ke magana. Ya ce shi bai aika a kawo masa labarin mutum ba. Ƙannensa suka sunkuyar da kai. Usumanu ya tashi da sauri ya tafi kiran Nasiru.

Kafin su dawo tsohon ya ba ni labarin da ya sa na fahimci komai. Mahaifinsa baƙo ne da kaskazi ta kawo. Ya sauka a garin, ya nemi auren mahaifiyar Nahoda, aka ɗaura aure a masallaci da shaidu, ba abin da aka tauye na shari'a. Da iska ta juya ya hau jirgi ya ce sai baɗi. Duk shekara in kaskazi ta fara, matar takan hau saman soro tana duban filafilan da ke shigowa, har ta tsufa. Mutumin ya zo shi kaɗai, ba wa, ba ƙane, ba wanda za a tambaya. Nahoda ya ce shi kansa ya shiga aikin jirgi ne yana yaro don ya neme shi, ya zaga tashoshin Larabawa har da Dubai lokacin tana ƙaramar tasha, bai samu ko wanda ya san kabarinsa ba.

Ya ce, "Dubai ɗinku ma tasha ce, Mu'allim. Kowa jiran iskarsa yake. Ran da biza ta ƙare, ina 'yata za ta?"

Ban yi masa alkawarin abin da ba na iyawa ba. Na ce gaskiya ne, ba mai zama Dubai har abada, kuma wata rana Kano za su koma, garin da ba teku, tafiya mai nisa daga nan. Na ce amma yaron bai zo shi kaɗai ba. Gidana a Kano yake, iyalina na ciki, a cikinsa za ta sauka, kuma in ya saɓa mata ni za a nema, ga fuskata ya gani. Ya daɗe yana kallona.

Sai ga su sun shigo. Nasiru ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya yi gaisuwa da muryar da ko ni da ƙyar na ji. A raina na ce madalla, tarbiyya ta yi. Nahoda ya ce ya matso, ya matso kaɗan. Ya ce ya ɗago ya dube shi, ya ɗago kamar an ɗora masa dutse a wuya ya sake sunkuyawa. Aka tura masa farantin shinkafa, ya ce alhamdu lillahi ya ƙoshi, alhali na san tun karin safe bai sa komai a cikinsa ba. Aka sake turawa, ya sake godiya.

Na ga fuskar tsohon ta canja. Ya yi magana da harshensu a taƙaice, ya fara laluben sandarsa. Usumanu ya matso kunnena, wannan karon ba dariya, ya ce, "Baba, abin zai lalace. Cewa ya yi wanda ba ya iya kallon idonsa, kuma ya ƙi abincin gidansa, akwai abin da yake ɓoyewa."

Na ce wa Nasiru da Hausa ya daure ya ci. Ya kai hannu ya ɗebo loma ya tsaya da ita a sama. Ya ce, "Baffa, wallahi ba za ta wuce ba."

Na roƙi Nahoda ya ba ni dama in yi bayani kafin ya tashi. Na ce masa a ƙasarmu baƙo mai wucewa shi ke zama ya ci ya ƙoshi ya kalli maigida ido cikin ido, don gobe ba ya nan. Wanda ya ɗauke ka a matsayin uba har mutuwa, shi ne ba ya iya tauna a gabanka, ba ya kama sunanka, in ya hango ka a hanya ya durƙusa ko ya sake lungu. Kunya muke ce mata, kuma ba a yi wa wanda za a rabu da shi. Na ba shi labarin kaina, yadda wata rana ina sabon aure na ɓantari rake a bakin kasuwa sai ga surukina ya ɓullo. Ban iya taunawa ba, ban iya tofarwa ba, haka na durƙusa da kumatu a kumbure yana tambayata mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ruwan rake na bin haɓata. Har Allah ya karɓi ransa bai taɓa ganin na sha ko ruwa ba.

Usumanu ya fassara wa sauran. Liman ya fara dariya, ƙannen suka biyo. Nahoda bai yi ba, amma ya ajiye sandar. Ya tambaye ni shekara nawa na yi da 'yar mutumin. Na ce tana nan a gidana har yau, da jikoki.

Ya gyaɗa kai. Can ya ce ya ji, kuma ya yarda ba raini ba ne. Amma shi ma yana da tasa: ba mai fita da 'ya daga gidan nan bai ci abincin gidan ba. Nasiru na durƙushe da loma a hannu, gumi na ɗiga daga goshinsa. Ta taga ina jin motsin mata a tsakar gida ya tsaya cak, na san Safiya na sauraro ta wayar wata daga cikinsu.

Sai tsohon ya dafa ƙasa, ya juya a hankali kamar mai gyara jirgi a matsattsen wuri, har ya ba mu baya, fuskarsa na duban taga da teku. Ya yi wa ƙannensa da liman alama, su ma suka juya. Ya ce, "Gaya masa ba na ganinsa. Amma kunnena na nan, ina so in ji farantin."

Ni ma na kau da kai. Da farko ba a jin komai sai jaki na kuka a wani lungu. Sannan na ji an yi bismilla a hankali. Muna zaune, dattawa huɗu na kallon bango da taga, ni ina kallon carbina, yaro na cin shinkafa a bayanmu. Yunwar ta taimaka masa. Da aka jima Nahoda ya tambaya, bai waiwayo ba, ko an gama. Usumanu ya leƙa ya ce har kan kifin bai tsira ba, miyar goron kawai ya bari. Tsohon ya ce wannan ba laifi ba ne, shi ma ya ɗanɗana.

Daga nan ya ɗaga hannuwansa, har yanzu yana fuskantar teku, ya ce ya ba Nasiru Safiya, a yi fatiha. A bayansa muka shafa ta. Guɗa ta tashi daga tsakar gida, tasu ta fi tamu kaifi.

An bar ɗaurin aure sai kusi ta wuce teku ta kwanta, don dangin da ke sauran tsibiran su samu zuwa. Na dawo Dubai da kwalin alewa da kifi busasshe da ya sa maƙwabtana a jirgi suka yi ta waige. Ina gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, ina gode wa bazawarar da ta sauke mu da tsohuwar cikin bas da ban san sunanta ba. Nahoda Bakari kuwa, ba na idar da salla ban ambace shi ba. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana neman fuskar da bai taɓa gani ba, ya nemi ganin ta surukinsa, amma da ya fahimci abin da ya sunkuyar da ita sai ya haƙura da gani. Allah ya ja kwanansa ya ga 'ya'yan Safiya.